Ƙamus na Hornby da Ɗalibi Bahaushe: Sharhi a Kan Ma'ana da Furuci

A wannan takarda muna so mu duba ƙamus ɗin da malaman Ingilishi suka fi dogara da shi wajen koyar da manyan kalmomi, watau Oxford Advanced Learner's Dictionary. A. S. Hornby da abokan aikinsa sun fara buga shi a Japan a 1942, sa'an nan ya fito daga Okusfod a 1948, bugu na goma kuwa a 2020. Tambayarmu ita ce: me ɗalibi Bahaushe yake samu idan ya buɗe shi?

Ta fuskar ma'ana, yabo ya fi suka yawa. Hornby ya gane cewa baƙon harshe ba fassara kaɗai yake bukata ba, yana bukatar ya ga kalma a cikin jimla. Alal misali, "sanction" tana nufin amincewa, tana kuma nufin takunkumi, kuma jimla ce kawai ke raba gardama. Sai dai ɗalibanmu sukan tsaya a ma'anar farko su rufe littafi. Wannan kam ba laifin ƙamus ba ne.

Inda muke da magana shi ne furuci. Ƙamus ɗin yana rubuta lafazin kowace kalma da alamomin furuci na duniya, bisa tafarkin da Daniel Jones ya shimfiɗa a nasa ƙamus na 1917. Alamomin daidai suke, amma ga wanda ba a koya wa karanta su ba, kallo ne kawai. Saboda haka sai ɗalibi ya koma ga abin da ya saba. Rubutun boko na Hausa kusan yadda aka rubuta haka ake faɗi, don haka zai karanta "epitome" da gaɓa uku alhali huɗu ce, ya furta "c" a cikin "indict" da "b" a cikin "subtle", waɗanda Bature ba ya furta su.

Wannan ma mai sauƙi ne. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, ga kuma tagwaye irin su "ai" da "au". Ingilishin da ƙamus ɗin ya ɗauka a matsayin ma'auni yana da wajen 20. Wanda ya fi yawan fitowa a cikinsu, watau raunannen wasalin da ke farkon "about", babu shi a Hausa, kuma ba ya zuwa sai a gaɓar da ba a ƙarfafa ba. To, ga ƙashin bayan matsalar. Bahaushe da karin sauti yake rarrabe kuka na itace da kuka na hawaye, Bature kuwa da ƙarfafa gaɓa yake rarrabe "record" suna da "record" aikatau. Idan ƙarfin ya ƙaura daga gaɓar farko ta "photograph" zuwa ta biyu a "photography", wasulan ma sauyawa suke yi. Ƙamus ya ɗora wannan babban al'amari a kan ɗan ɗigon layi a sama da harafi, wanda ido yakan tsallake. (Mu ma dai haka muke yi da alamomin karin sauti a ƙamus na Bargery na 1934.)

Za a iya cewa yau ɗalibi yana latsa waya ya ji muryar Bature. Gaskiya ne, kuma ci gaba ne. Amma kunnen da ya tashi da wasula biyar yakan ji "cap" da "cup" abu guda, ko sau goma aka maimaita masa. Hornby bai rubuta don Bahaushe ba, ba kuma za mu zarge shi da haka ba. Mai zargi ya dubi malamin da ya miƙa littafin ya juya baya.

Abin ya fi damunmu ne domin ɗalibanmu na kwalejin ilimi malaman gobe ne, kuma lafazin da suka fita da shi, shi za su dasa a aji. Shawararmu ita ce a keɓe makonnin farko na shekarar farko don koyar da alamomin, a fara da alamar ƙarfafa gaɓa da raunannen wasali, a kwatanta su da karin sautin Hausa, kafin a ba ɗalibi jerin manyan kalmomi ya haddace.