Ruwan Sha a Cikin Manufar Kiwon Lafiya: Sharhi Daga Ƙasar Dutsin-Ma

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi nazarin wani giɓi a cikin Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa, watau dokar 2014. Giɓin kuwa shi ne ruwan sha. Za mu auna dokar da abin da ya auku a ƙasar Dutsin-Ma, domin kuwa amfanin kowace manufa ba a Abuja ake ganinsa ba, sai a garuruwa irin su Karofi da Kurfi.

2.0 Abin da Dokar ta Tanada

Taron Alma-Ata na 1978 ya lissafa rukunai takwas na kiwon lafiya a matakin farko, kuma tsabtataccen ruwan sha da tsabtar muhalli suna cikinsu. A kan wannan harsashi ne aka gina manufar lafiya ta 1988, zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti.

Dokar 2014 ta zo da abin yabo, domin ta kafa asusu wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. An raba shi uku: kashi 50 ga inshorar lafiya, kashi 45 ga magunguna da gine-gine da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kashi 5 ga taimakon gaggawa. To, amma duk wanda ya dubi rabon nan zai ga ba a keɓe wa ruwa wani kaso nasa ba. Ashe ke nan dokar ta fi kula da majinyaci bisa ga abin da ya kwantar da shi.

3.0 Darasin Zobe

An kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, amma sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin tace ruwanta da rarraba shi. Shekara 38 ke nan ruwa yana kwance, jama'a suna ɗiba daga rijiya da tafki. Ruwan da ya kwanta kuwa shi ne mazaunin dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma matattarar sauro. A cikin 2021 ɗin ne kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina tana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Mai yiwuwa wani ya ce ai ruwa yana da ma'aikatarsa dabam. Haka ne. Sai dai tarihin kurkunu ya isa amsa. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Cutar ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Da matatar ƙyalle da rijiyar burtsatse da wayar da kan jama'a aka ci ƙarfinta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ta ƙare a ƙasar. Ma'aikatan lafiya ne suka ja ragamar wannan aiki, ba su ce ruwa ba huruminsu ba ne.

4.0 Kammalawa

Saboda haka shawararmu biyu ce. Ta farko, a gyara dokar, a keɓe kaso domin kowane ƙaramin asibiti ya sami ruwa mai tsabta. Ta biyu, kwamitocin lafiya na mazaɓu, kamar na Karofi, su riƙa ƙidaya rijiyoyin da ke aiki kamar yadda ake ƙidaya yaran da aka yi wa rigakafi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana iya ɗaukar nauyin gwada ruwan. Rigakafi dai ya fi magani, kuma farkon rigakafi shi ne abin da ke cikin randa.