Kokawa da Masu Riƙonta

Duk wanda ya san ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda ya san cewa kokawa 'yar kaka ce, domin sai an yanke gero an ɗaure dammuna, rumbuna sun cika, sa'an nan samarin garuruwa irin su Birnin Tsaba ke samun sukunin ɗaura warki, su rataya layu, su bi makaɗansu zuwa ƙauyukan maƙwabta neman abokin karawa. Ƙa'idarta kuwa ba ta bukatar dogon sharhi: wanda bayansa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa ya sha kaye, shaidunsa kuma dukkan waɗanda suka kewaye fage. Malamai ba su haramta asalinta ba, tun da ya zo a ruwayar Abu Dawuda da Tirmizi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya ka da shi. Abin da suka shardanta shi ne a suturce al'aura, a nisanci caca da tsafi, kada kuma wasa ya shagaltar da mutum ga barin salla.

Sai dai ƙarfi shi kaɗai ba ya wanzar da suna, tilas sai da mai riƙo. A nan ƙasar, masu riƙon kokawa su ne manomi da ya fid da kari daga aljihunsa, da sarkin gari da ya ba da fage, da makaɗin da ke wasa gwani da kirari har sunansa ya riga shi isa kasuwar Shinkafi. Wannan riƙo yana da albarka, domin ba mai iya sayen kaye a gaban idon dangi. Amma yana da rauni, domin in damina ta ƙi, ko rashin aminci ya hana taron dare kamar yadda ya auku a arewacin Zamfara cikin shekarun nan, sai fage ya mutu, labarin gwanaye kuma ya bi tsofaffi zuwa kushewa.

A Nijar, hukuma ce ta karɓi riƙon. A shekarar 1975, zamanin Saini Kunce, aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokawa. Daga nan takobin da ake ba sarkin kokawa ya zama abin da jihohi ke jayayya a kai, aka gina filaye, aka sa alƙalai da agogo, rediyo ya kai sunayen gwanaye, daga Salma Ɗan Rani har zuwa Isaka Isaka na Doso, cikin gidajen Hausawa a kowane ɓangare na iyaka.

A Japan kuwa, kamfani ne. Rikidozan, tsohon ɗan kokawar sumo, ya kafa ƙungiyarsa ta kokawa a 1953, mutanen da ba su daɗe da shan kashi a yaƙi ba suka riƙa cincirindo gaban talabijin na bakin titi don su ga yana ka da Amurkawa. Bayan rasuwarsa a 1963, almajiransa biyu suka raba gado a 1972: Inoki ya kafa New Japan Pro-Wrestling, Baba ya kafa All Japan Pro Wrestling. Suka samar da makarantun horo da albashi da tarihi rubutacce, amma da tsada, domin a wannan sana'a ana shirya wanda zai yi galaba tun kafin a shiga fage, ko da yake duka da ciwon na haƙiƙa ne. Da Inoki ya so ya kafa hujja cewa fanninsa faɗa ne na gaske, sai da ya gayyato Muhammadu Ali suka kara a Tokyo a 1976, aka tashi ba kaye.

Abin lura shi ne, abin da Inoki ya nema da dukiya mai yawa, wato yardar 'yan kallo cewa kayen gaskiya ne, kyauta yake a fagen Zamfara. Abin da fagen ya rasa kuwa, wato tsari da rubutu, shi ne Japan da Nijar suka samu. Saboda haka wajibi ne ga sarakuna da hukumomin da ke son raya wannan al'ada su fara da samar da aminci da rubuta sunayen gwanaye, su kuma bar hukuncin kaye a hannun ƙarfi da idon jama'a.