Adon Kabari a Tsohuwar Rum da Ƙasar Katsina: Tsokaci

Akwai ra'ayin da ake cin karo da shi a nazarin fasaha, wanda ke auna wayewar al'umma da yawan sassaƙar da ta bari a kan kaburburanta. Wannan maƙala za ta gwada ra'ayin da misalai daga Rum da ƙasar Katsina.

Tun daga zamanin Sarki Hadiriyan (117-138 Miladiyya) manyan Rumawa suka fara barin ƙona gawa, suka koma sanya ta cikin akwatin farin dutsen nan da Larabawa ke kira marmar, wanda ya bambanta da marmarar ƙasar Hausa. Ana haƙo shi a Karara ta Italiya da tsibirin Furokonisus. A jikinsa ake sassaƙa yaƙi ko farauta ko tatsuniyoyin Girkawa. Akwatin Ludobisi na wajen shekarar 250 cike yake da mayaƙa, ba masaka tsinke, shi kuwa na Juniyus Basus (359) ƙissoshin Baibul ne a jikinsa.

Sai dai abubuwa biyu sun cancanci lura. Na farko, masassaƙan birnin Rum kan bar bayan akwatin ba ado, domin bango za a jingina shi. Na biyu, sukan bar fuskar mamacin ba a ƙarasa ba sai mai saye ya zo, har ma akwai waɗanda aka binne haka nan. Ashe ke nan adon don idon masu ziyara aka yi shi, kuma haja ce ta kasuwa.

A Durɓi-ta-Kusheyi kuwa, cikin Ƙaramar Hukumar Mani, tsibin ƙasa kawai ido ke gani. Amma tonon da Palmer ya yi a 1907, da wanda Jamusawa suka yi a 1992, sun fito da kayan zinariya da tagulla da duwatsun wuya da wuri. An kai kayan 1992 birnin Mainz don gyara, aka dawo da su Nijeriya a 2014. A nan an ɓoye adon ne tare da mai shi, ba a bar wa masu kallo komai ba.

Da Musulunci ya kafu, sai wannan ma ya kau. Faskari ƙasa ce ta duwatsu, amma maƙabartunta ba su wuce tudun ƙasa da ɗan ice ko tsingaro a matsayin alama ba, don shari'a ta hana ƙawata kabari. Saboda haka ba rashin dutse ne dalili ba. Aikin tuna mamaci sai ya koma ga harshe: marsiyya da kirari da jerin sunayen sarakuna. Marsiyyar da Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, aiki ɗaya ta yi da akwatin Barume, wato zaɓo halayen da ake so na baya su riƙe.

Daga ƙarshe, ma'aunin sassaƙa bai isa ya auna al'ummar da ta zuba fasaharta a baka da rubutu ba. Amma akwai hatsari, domin dutse kan jure shekaru dubu biyu ko ba mai kula da shi, alhali waƙa na iya bin mahaddacinta kushewa. Wajibi ne manazarta su taskace marsiyyoyi da kirarin da ke bakin dattawan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa tun suna raye.