Sarkin Cututtuka da Talakawansa: Sharhi a Kan Littafin Siddhartha Mukherjee

A shekarar 2010 ne likitan ciwon daji Siddhartha Mukherjee, haifaffen Indiya mazaunin Amurka, ya wallafa littafinsa mai suna The Emperor of All Maladies, wato Sarkin Dukkan Cututtuka, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2011. Marubucin ya ɗauki ciwon daji tamkar mutum, ya bi tarihin rayuwarsa tun daga rubuce-rubucen likitancin tsohuwar Masar har zuwa ɗakunan bincike na birnin Boston. Wannan sharhi zai auna bugun farko na littafin da ma'auni biyu: abin da ilimi ya gano bayan fitowarsa, da kuma halin majinyacin da ke nesa da asibitocin da aka ba da labarinsu.

Babban abin yabo a littafin shi ne rashin ɓoye kurakuran likitoci. Ya nuna yadda William Halsted, a ƙarshen ƙarni na 19, ya kafa tiyatar da ake yanke mama tare da naman ƙirji, bisa zaton cewa yawan yanka shi ne yawan waraka. An shafe kusan shekara casa'in ana nakasa mata a kan wannan zato, har sai da gwajin da Bernard Fisher ya jagoranta ya nuna a 1981 cewa ƙaramar tiyata ma tana ba da sakamako iri ɗaya. Darasin a fili yake: girman suna ba ya zama hujja a fagen magani. Haka kuma ya zayyana yadda Sidney Farber ya fara dakatar da sankarar jini a jikin yara da sinadarin aminopterin a 1947, da yadda maganin Gleevec, wanda aka amince da shi a 2001, ya mayar da wani nau'in sankarar jini cutar da ake rayuwa da ita shekara da shekaru, domin yana toshe ainihin sinadarin da ke ingiza ƙwayoyin cutar su hayayyafa.

Sai dai ilimi bai tsaya jiran marubuci ba. Shekara guda bayan fitowar littafin aka amince da ipilimumab, na farko a jerin magungunan da ke cire wa garkuwar jiki takunkumi domin ta far wa ƙwayoyin daji da kanta. Wannan bincike ne ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel a 2018. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda dajin fata ya kai har ƙwaƙwalwarsa a 2015, irin wannan magani aka haɗa masa da tiyata da gashi, ya rayu har ya cika shekara 100. A 2017 kuma aka amince da Kymriah, inda ake ɗebo ƙwayoyin garkuwar majinyaci, a sauya musu halitta, a mayar masa da su. Bugun farko bai ba wannan fage wani babban fili ba, amma ba adalci ba ne a zargi marubuci da rashin sanin gaibu.

Inda zargi ya dace shi ne a faɗin duniyar littafin. Kusan dukkan jarumansa a Amurka da Turai suke, kamar dai sarkin cututtukan ba shi da talakawa a sauran nahiyoyi. Alhali a Yuganda ne Denis Burkitt ya bayyana dajin da ke kumbura muƙamuƙin yara a 1958, kuma daga samfuransa ne aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Yaran Afirka sun ba ilimi wannan gudummawa, amma labarinsu bai kai matsayin babban jigo ba. Batun kuɗi ma haka. An sa wa Kymriah farashin dala 475,000 ga mutum guda. Matar da ta iso asibitin koyarwa bayan ciwon mamanta ya fashe, ta sayar da gona domin biyan kuɗin allura, me nasarar Boston ta tsinana mata? Magani a hannun wanda ba ya iya sayensa daidai yake da ruwan rijiya ga marar guga.

Duk da haka, littafin ya bar mana makami a surorinsa na taba sigari da gwajin Papanicolaou, inda ya nuna cewa hana cuta da gano ta da wuri sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Zamani ya gaskata shi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara kawar da sankarar bakin mahaifa ta hanyar yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata rigakafin HPV, da gwada kashi 70 na mata, da yi wa kashi 90 na masu cutar magani. Nijeriya ta fara wannan rigakafi a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Wannan ci gaba ne da zai iya isa ƙauye a cikin akwatin sanyi bisa babur.

A taƙaice, littafin Mukherjee ya cancanci yabon da ya sha, kuma ɗalibin likitanci da gama-garin mai karatu za su ƙaru da shi. Amma rabin tarihi ya rubuta. Ragowar rabin, wato labarin masu jiran layin na'urar gashi da iyayen da ke shakkar allurar rigakafi, nauyi ne da ya rataya a wuyan marubutanmu da likitocinmu, kuma ya kamata a rubuta shi da harshen da majinyatan ke ji.