Kacici-kacici Tsakanin Sani da Sa'a

A Kiyako da sauran garuruwan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kacici-kacici wasa ne na bayan sallar isha'i, musamman da kaka, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Mai tambaya zai buɗe da "ƙulun ƙulufit", a amsa masa da "gauta". Daga nan sai ya jefo ta gaske: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Yaron da ya taɓa lura da tsintsiyar da ake share tsakar gida da ita zai cafke amsar nan take.

Armashin wasan yana wurin wanda ya kasa. Sai an ba mai tambaya gari kafin ya faɗi amsa. A ce an ba shi Gwaram, ya ce ta yi masa kaɗan. A ƙara masa da Dutse, ya noƙe, har sai an miƙa masa Kano. Sannan ya zayyana irin daular da zai ci a can, ya warware ƙullin. Wanda ya faɗi bai yi asarar ko sisi ba, kuma ya tashi da amsar da gobe zai ƙure wani da ita. A hanya ma ya koyi sunayen garuruwa da girmansu.

Bahaushe ya daɗe da raba wasan basira da wasan sa'a. Dara da kacici-kacici na masu kaifin tunani ne, dattijo ma yana zaman dara a gindin bishiya ba tare da jin kunya ba. Abin da ake zuba kuɗi a jira yadda ƙwaya za ta faɗi kuwa sunansa caca, addini ya haramta, al'ada ta ƙyamata. Ita ma lido, da yara ke jiran siki kafin su fito daga gida, ana kallonta a matsayin abin kashe lokaci kawai.

Wani tsohon shirin talabijin na Amurka ya haɗa basira da sa'a a faranti ɗaya. Sunansa High Rollers, tashar NBC ta fara nuna shi a 1974, Alex Trebek ne mai gabatarwa kafin ya yi suna da shirin Jeopardy! daga 1984. Ana jera lambobi 1 zuwa 9 a kan allo, da ƙwayoyi biyu irin na lido. In aka jefa aka sami 7, ana iya goge 7, ko 3 da 4, ko 1 da 2 da 4. Wanda ya jefo adadin da ba za a iya haɗawa daga lambobin da suka rage ba, ya faɗi. Amsa tambaya daidai tana ba mutum zaɓi ne: ya jefa da kansa ko ya tura wa abokin karawarsa. Da farko kowa na son jifa. In allo ya kusa ƙarewa, mai wayo sai ya tura wa ɗan'uwansa haɗarin.

Dabarar shirin tana da kyau wajen riƙe mai kallo, domin ba a sanin gwani sai an tashi. Amma ta rage wa sani daraja. Mutum zai iya amsa tambayoyi da yawa, jifa ɗaya ta kwashe masa komai, wanda bai san amsa ba ya tafi da kyauta.

Mu ma wannan iska ta kaɗo mu. Shirin Who Wants to Be a Millionaire, da Frank Edoho ya fara gabatarwa a Najeriya a 2004, ya jingina ne da sani, amma kuɗi ne ke jan hankali. A gasar rediyo ta katin waya, sa'ar tana wurin wanda layinsa ya shiga. Mafi muni su ne gasannin da ake cewa a tura saƙon tes mai tsada a shiga ƙuri'a, inda tambayar mai sauƙi ce da gangan don mutane su yi ta turawa. Wannan caca ce aka yi wa rawani.

Gidajen rediyo da talabijin na Dutse suna da abin da za su gina a kai. A haɗa ɗaliban Birnin Kudu da na Gwaram, a cakuɗa kacici-kacicin gargajiya da tambayoyin tarihi, lissafi da noma, har da zanen duwatsun Birnin Kudu. Wanda ya kasa ya ba da gari, wanda ya karɓa ya faɗi abu uku game da garin kafin a ba shi maki. Malamai da iyaye su nemi a yi irin wannan shiri, kyautar kuma ta tafi hannun yaron da ya san amsa.