Majigin Ƙarewar Duniya da Masu Tara Shi

Tun da aka jefa bom ɗin atom a Hiroshima cikin 1945, masu shirya majigi a Amurka suka shiga tambayar kansu, in duniya ta ƙare, waɗanda suka saura yaya za su zauna? Manyan kamfanoni sun amsa da wuta da hayaƙi. Amma amsar da ta fi ratsa zuciya, a ganina, ta fito ne daga ƙananan majigai, waɗanda yau sai masu tara tsofaffin faifai ke cigiyarsu.

Ɗauki Five, watau Biyar, wanda Arch Oboler ya shirya cikin 1951. Rashin kuɗi ya sa ya ɗauki yawancinsa a gidansa na kan tudu a Kalifoniya. Mutum biyar ne kaɗai suka tsira. Ba a daɗe ba ɗayansu, Bature mai girman kai, ya kashe baƙin mutumin da ke cikinsu. Duniya ta mutu, ƙiyayya kuwa tana da ranta. Hali zanen dutse. Aibin majigin nan shi ne yawan surutu, har mai kallo ya kan ƙosa.

Cikin 1959 kuma Harry Belafonte ya fito a The World, the Flesh and the Devil. Shi mahaƙi ne, rami ya rufta da shi, da ya fito ya tarar Niyok ba kowa. Titunan nan da suka yi tsit sun fi kowace irin gobara ban tsoro. Sai dai da ya haɗu da Baturiya, masu shirin suka ji tsoron ɗaura musu aure, suka kauce wa maganar da suka tayar da kansu.

To, me masu tarawa ke nema? Ba gwaninta ba ce kaɗai. Faifan majigi abu ne mai ruɓewa, wanda ba a kula da shi ba ya kan ɓata har abada, tare da shaidar tsoron da mutanen zamaninsa suka kwana da shi. Gidan nan na Oboler ma gobarar daji ta cinye shi cikin 2018. Wanda ya ke son ganinsa yadda ya ke a da, sai ya nemi wanda ya adana Biyar.