Fim ɗin Bomba na 1949 da Irin Afirkar da Ya Nuna

Daga cikin finafinan daji da Amurkawa suka yi a tsakiyar ƙarni na 20, na zaɓi in yi nazarin Bomba, the Jungle Boy, wanda kamfanin Monogram ya fitar a shekarar 1949. Shi ne na farko a jerin finafinai 12 da aka kammala a 1955, kuma Ford Beebe ne ya ba da umarninsu duka. Johnny Sheffield, wanda ya fito a matsayin ɗan Tarzan tun 1939, shi ne Bomba, yaron Bature da ya tashi cikin namun daji.

Labarin ba shi da yawa. Wani mai ɗaukar hoto ya zo Afirka da 'yarsa, yarinyar ta ɓace a daji, Bomba ya tsince ta. Abin lura shi ne, littattafan da aka ciro labarin daga cikinsu, waɗanda suka fara fitowa a 1926, a dajin Amurka ta Kudu suka ajiye Bomba. Masu fim suka ɗauke shi cak suka dasa a Afirka, domin a wurinsu daji duk daji ne.

Ba su ma taka ƙasar Afirka ba. A Kalifoniya aka ɗauki 'yan wasa, sannan aka yi wa fim ɗin faci da hotunan Africa Speaks! na 1930, wanda Paul Hoefler ya ɗauko a tafiyarsa ta mota daga Mombasa zuwa Legas. A ganina wannan aron shi ne mafi daɗin kallo, musamman inda fara ta rufe sararin sama. Duk manomin da ya san ɓarnar fara zai shaida cewa wannan ba wasa ba ne. Sai dai ɗinkin a fili yake: zaki yana wani haske, mai gudunsa yana wani.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne matsayin baƙar fata. Ba a ga gari ko kasuwa ko malami ba, sai 'yan dako da masu māshi. Smoki Whitfield, wanda ya fito a matsayin Eli, ɗan wasa ne mai ƙwazo, amma aikin barantaka kawai aka ba shi. Hatta sanin daji, wanda gadon mafarautan ƙasa ne, an miƙa wa baƙon yaro.

Walter Mirisch, wanda ya shirya fim ɗin, shi ne kuma ya shirya In the Heat of the Night a 1967, inda Sidney Poitier ya fito a matsayin ɗan sandan ciki da ya fi Turawan garin basira. Malamin da zai nuna wa ɗalibai Bomba, ina ba shi shawara ya haɗa musu da wannan.